Wuƙar Maigidana

Shekara biyu da gama yaƙin basasa muka koma Fatakwal a bayan motar shanu, ni da maigidana da yayansa da ƙaninsu da matansu. Su gida suka koma, don a unguwar Mile One aka yanke musu cibiya, ubansu ya yi fawa a can tun kafin a haife ni. Ni kuwa 'yar Anacha ce, a wajen Head Bridge na yi wayo, yaren Ibo a bakina kamar ruwa. Gudun rikici ne ya haɗa gidajenmu a Kano, a can kuma aka ɗaura mana aure. Da motar ta ratsa Anacha na leƙa ta tsakanin katako ina neman layinmu, ban gane shi ba, ban kuma gaya wa kowa abin da nake nema ba.

Mun tarar da wasu mutane a gidan ubansu. Yaya ya ce wanda ya dawo da ransa ba ya shari'a a kan bango, muka kama ɗakuna uku a wani gidan haya a bayan kasuwa. Ba mu daɗe ba kuɗin man fetur ya fashe a garin. Ma'aikacin da a da yake tsayawa ciniki a kan tsoka ɗaya ya koma nuna cinya guda da makullin mota. Otal-otal suka tsiro, kowanne yana son nama kafin rana ta ɗaga. Sai 'yan'uwan uku suka raba aiki. Yaya yana tarar shanu idan sun sauka daga arewa, ƙanin yana kan tebur a kasuwa, maigidana yana kwata yana fiɗa. Ni kuma ina gida ina dafa ƙafar sa da ganda, masu dako suna zuwa da kwanukansu.

Ba don mijina ba ne, amma a kwatar nan babu mai hannunsa. Yakan feɗe sa ya miƙe, jinin da ke rigarsa bai fi ɗigo uku ba. Masu sayen fata har cacar baki suke yi a kan ƙirgin da ya fito daga hannunsa. Mutum ne mara magana, ni kuwa Allah ya yi ni da baki, surukata ta taɓa cewa da ana sayar da surutu da tuni na gina bene. A haka muka zauna lafiya, ni ina zuba, shi yana murmushi yana cin tuwonsa.

A daminarmu ta uku abin ya fara. Da fari cewa ya yi rediyon maƙwabcinmu yana kiran sunansa. Na yi dariya, na ce kai wane ne da gidan rediyo zai san da zamanka. Daga nan ya fara waiwayawa yana amsa wa mutanen da babu su. Ya daina cin abin da ba a gabansa aka dafa ba. Wata safiya aka aiko daga kwata a ce in zo. Ya bar sa rabi a feɗe, ya fita tsakiyar fili, ruwa yana dukansa, wuƙa a hannunsa, yana roƙon wasu su daina zagin ubansa. Bai nufi kowa ba, bai ɗaga wa kowa hannu ba, wannan zan faɗa har in mutu. Amma mahauta suka ja da baya suka kewaye shi daga nesa. Yaya ne ya taka ya ce, "Kawo in riƙe maka." Ya miƙa masa ba musu.

A gidansu wuƙar fiɗa ba kayan aro ba ce. Uba ne ke sa maƙeri ya ƙera wa ɗa tasa ranar da ya yarda hannun ɗan ya nuna, kuma ba ta komawa hannun wani sai mai ita ya rasu. Ranar sadakar bakwai ake miƙa ta ga ƙane ko ɗa. Yaya ya fi ni sanin wannan. Amma aiki ya yi yawa, shanu suna sauka, dole ƙanin ya bar tebur ya shiga kwata, ga wuƙa mai kyau tana kwance a ƙarƙashin katifa ba ta yin komai. Sai ya ba ƙanin ita. Ban ce mugunta ya yi ba, tunanin ɗan kasuwa ya yi.

Da la'asar ƙanin ya shigo tsakar gida da ita a kube a ƙugunsa. Maigidana yana zaune a bakin ƙofar ɗakinmu. Ya daɗe yana duban kuben nan, sannan ya juyo gare ni ya ce a hankali, "Yaushe aka yi sadakar bakwai ɗin? Ba wanda ya gaya mini." Ya tashi ya shiga ɗaki ya zauna yana fuskantar bango.

Na zagi Yaya a cikin raina har na gaji, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni ma na yi nawa. Tun ranar da aka kira ni kwata na tattara wuƙar girkina da almakashi da reza na cusa su a cikin buhun gero. In zan yanka albasa sai in shiga ɗakin matar Yaya. Na hana shi ɗebo ruwa, na hana shi zuwa masallaci don kada a nuna shi, in baƙo ya yi sallama ni ke amsawa in ce yana barci. Idan ya buɗe baki sai in riga shi ƙarasa maganar. Duk a ganina kulawa ce nake yi. Wata bakwai mutumin nan ya yi a gaban bango, hannuwansa a kan gwiwa, har tafin hannunsa ya yi laushi kamar na jariri.

Ba abin da ba a gwada ba, rubutu da hayaƙi da ruƙiyya. Wasu suka ce iska ce ya taka a bakin rafi, wasu suka ce abokan sana'a ne suka jefe shi don baƙin ciki. Daga ƙarshe Yaya ya kira ni bayan ƙaramar salla. Ya ce, "Ke, mun yi iya yinmu. Bayan babbar salla motar shanu za ta koma wofi, za ta tafi da shi gida. Akwai mai turu a ƙauyenmu, ya san kan irin wannan."

Na san gidan. Lokacin da muke arewa na taɓa raka wata maƙwabciya kai wa ɗanta abinci a can. Na ga maza manya ƙafarsu a cikin gungumen itace, ƙuda yana bin gyambon idon sawu. Na ce, "Yaya, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ya ce, "Ba yarwa zan yi ba, ajiyewa zan yi inda ba zai ji wa kowa ciwo ba." Na ce wa ya taɓa ji wa? Duk da haka bai janye ba. Abin da na samu kawai shi ne ya yarda in kai shi asibiti a Inugu kafin lokacin, don goggona tana zaune a unguwar Uwani a garin, ita ta aiko mini cewa akwai likitocin ƙwaƙwalwa a can.

Muka hau jirgin ƙasa, shi a jikin taga, ni a bakin hanya ina tsare shi kamar za a sace mini. Duk tafiyar nan haddar laifuffukansa nake yi don kada in manta ko ɗaya a gaban likita. Na kuwa zazzage su tas. Likitan ya saurara, ya yi masa tambayoyi, ya faɗi wani dogon suna, sikizofireniya, ya ce ciwo ne kamar kowane ciwo, ba ya rasa magani amma yana son haƙuri. Ya rubuta allurar da za a riƙa yi masa duk wata, ya tura mu wurin wata ma'aikaciyar jinya, 'yar Ibo, gajera mai furfura, kowa Sista yake ce mata.

Na buɗe baki zan sake karanto mata haddata, ta ɗaga mini hannu. Ta ce ta gani a takarda. Sannan ta ce da ni cikin Turancin kasuwa, "Wetin e sabi do?" Wato me ya iya. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta maimaita da yaren Ibo, ta ce ba abin da ya lalace take tambaya ba, abin da ya rage. Wallahi ni da ba a taɓa rufe mini baki ba, sai ga ni ina kallon ƙasa. Wata bakwai ban tuna mijina ya iya komai ba. Sai Sista ta juya kujerarta ta bar ni, ta fuskance shi, ta ce in fassara kawai, kada in ƙara ko kalma ɗaya tawa. Raina ya sosu, amma na yi.

Ta tambaye shi sana'arsa. Ya yi shiru har na fara motsa baki, ta harare ni. Can ya ce, "Fiɗa." Ta ce ita ba ta san yadda ake yi ba, kullum in ta sayi akuya sai mai fiɗa ya huda mata fata, ina kuskuren yake? Sai na ga ya ɗaga kai. Ya ce wuƙa ba ita ke cire fata ba, hanya kawai take buɗewa, dunƙulen hannu ne ke aikin. Ya dunƙule hannunsa ya nuna mata a kan teburinta yadda ake tura shi tsakanin fata da nama. Ya yi magana ta fi wadda ya yi a wata bakwai. Ni ina fassara, ina jin haushin kaina.

Da za mu fita ta riƙe ni a baya. Ta ce allura za ta rage masa muryoyin, amma allura ba ta ba mutum dalilin tashi da safe. Ta ce in nemo masa ƙaramin aiki daga cikin abin da hannunsa ya sani, in fara ranar da yake cikin natsuwa, in zauna kusa, kada in tsaya a kansa. Na ce, "Sista, duk aikin gidansu da wuƙa ake yi." Ta ce ta sani. Ta tambaye ni ko ya taɓa ɗaga wa wani hannu, da lafiya ko da ciwo. Na ce ko kaza bai taɓa kora da fushi ba. Ta ce to in jira allura ta biyu ta zauna masa, in lura da shi, in ga ya rikice in ajiye aikin in kawo shi, ya lafa in mayar masa.

Bayan allura ta biyu ya fara cin abinci ba tare da ya tsaya a kan tukunya ba. Akwai mai tsire a bakin layinmu da kullum yake kukan tsinke ya yi masa ƙaranci. Na sayo itacen gora, na ajiye a gaban maigidana da hantsi, na je buhun gero na zura hannu. Na miƙa masa 'yar wuƙar girkina ta ƙota. Ya karɓa, ya busa garin geron da ya maƙale a jikinta, ya gwada kaifinta a farcensa. Ya ce, "Gero yana dakusar da wuƙa. Na so in gaya miki tun tuni, na ga in kin san na sani hankalinki ba zai kwanta ba." Ashe duk watannin nan ya san inda suke. Na rasa inda zan sa fuskata, sai na hau faɗa da kajin maƙwabta.

Ya fara fiƙe tsinke, sai wata matsalar ta fito. Hannun yana rawa. Allurar ce ta sa masa, yatsunsa suna karkarwa, wuyansa ya ƙage. Ya fiƙe guda goma duk a karkace, ya ajiye, ya ce, "Kin gani, hannun ma ya tafi." Ban jira ranar allura ba, na ja shi muka koma Inugu. Wani matashin likita muka tarar, ya ce rawar hannu ƙaramin abu ce in an gwada da ciwon. Nan fa na manta a asibiti nake. Na ce ƙaramin abu ce ga mai riƙe biro, mu a gidanmu hannu shi ne mutum. Sista ta jiyo muryata daga ɗakinta ta fito. Ta yi magana da likitan a gefe, aka rage allurar, aka haɗa masa da wata 'yar ƙwaya. Kafin sati biyu tsinkensa ya miƙe, mai tsire ya ce bai taɓa samun wanda ba ya tsage nama irinsa ba.

Daga tsinke ya koma washi. Mai tsiren ne ya fara kawo tasa wuƙar, sannan wani mahauci ya aiko da tasa a naɗe a tsumma ta hannun matarsa, wai kada Yaya ya ji. Kan a jima dutsen washinsa ba ya bushewa. Na bar shi ya riƙa amsa sallama da kansa, ya koma masallaci azahar da la'asar. Koyon yin shiru ya fi mini komai wuya. Sau da yawa sai na ciji leɓe kafin ya gama jimla ɗaya.

Kada a ɗauka abin ya tafi sumul. Saura kwana goma salla ya tashi a rikice, ya kwashe tsinken kwana biyu ya zuba a kwalbati, ya ce ta cikinsu ake saurarensa. Na nemi wuƙar, ya ba ni, na gaya masa a fili cewa ajiye masa zan yi har ya lafa, ga inda na sa ta. Yaya ya ga tsinken a kwalbati, ya dube ni ya ce, "Kin gani ko?" Na ce na gani, kwana huɗu ne cikin wata biyu, sauran kwanakin fa wa ya gan su? Ya ce ya riga ya yi magana da direba.

A nan na san baki ba zai ƙwace shi ba, sai dai ido ya gani. Na sayar da ƙafar sa ba hutawa, na haɗa da 'yan kunnena, na sayi ɗan rago mai tsamurmurin wuya na ɗaure a bayan ɗaki. Matan gidan suka yi ta tsokanata wai akuya ce ta yi ƙaho. Ana gobe salla da hantsi na sa mayafi na je ɗakin ƙanin. Bayan mun gaisa na ce, "Wuƙar yayanka na zo karɓa." Ya ce Yaya Babba ne ya ba shi. Na ce, "Ka je jana'izarsa? Ka ci gumbar sadakarsa?" Ya sunkuyar da kai. Yaron kirki ne, abin yana damunsa tun ba yau ba. Ya ce kullum in ya zare ta a kwata sai ya ji kamar ya yi sata. Ya ɗauko ta da kubenta ya ba ni da hannu biyu.

Da aka sauko daga idi aka jera raguna a tsakar gida. Yaya ne ke yanka, shi ne babba. Ya yanka nasa, ya yanka na ƙanin, ya zo kan nawa ya yanka, ya juya zai kira ƙanin ya feɗe. Na ce, "Yaya, mai ragon zai feɗe abinsa." Maigidana ya fito da kube a hannu. Matar Yaya ta ja 'ya'yanta bayan zaninta, na gani, ban kuma manta mata ba sai da muka tsufa. Yaya ya buɗe baki, ya dubi maƙwabtan da suka taru, ya rufe. Ba ya iya yi wa matar ƙaninsa tsawa ranar salla a gaban mutane, na kuwa san haka kafin in shirya.

Ya tsuguna ya yi bisimilla. Ya tsaga daga ƙafar baya, ya buɗe hanya, ya ajiye wuƙar a kan cinyarsa ya sa dunƙulen hannu. Tsakar gidan nan ba ka jin komai sai sautin fata tana rabuwa da nama. Ya kai wajen haƙarƙari sai ya tsaya. Ya karkata kai gefe, leɓensa yana motsi, na san muryoyin nan ne suka zo. Ƙafata ta ɗaga da kanta za ta je wurinsa, na danne ta. Ya ɗan jima a haka, sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, yadda ake yi wa baƙon da ya zo ana tsakiyar aiki, "Ku dakata in gama." Ya mayar da hannunsa inda ya tsaya.

Da fatar ta fita ya kakkaɓe ta ya miƙa wa Yaya. Su mahauta ba sa yabon fiɗa da baki, rana suke ɗaga wa fata, in akwai huda ko inda wuƙa ta shafe ta ta yi siriri, haske zai tona. Yaya ya ɗaga ta, ya juya, ya bi gefen wuya da cinyoyi inda kowa ke yin kuskure. Ya daɗe yana nema, ni na san nema yake yi. Sannan ya ninke ta ya ajiye, ya ce da matarsa ta kawo ruwa ya wanke hannu. Na yi suya ranar ina haɗiye baƙar magana, naman ma ban ji ɗanɗanonsa ba.

Kwana uku bayan salla ita ce ranar da mota za ta tashi. Tun da aka idar da asuba na ɗauko turmi na kife a bakin ƙofarmu na zauna a kai. Na shirya maganar da zan faɗa, na shirya wadda zan faɗa in ta farko ba ta ci ba, na kuma ƙudura in sun ɗauke shi sai dai su haɗa da ni. Gari ya waye, ga Yaya ya nufo mu. Na miƙe. Bai ko dube ni ba, ya leƙa ta saman kaina ya yi sallama, ya kira ƙaninsa da sunan da uwarsu take kiransa. Ya ce, "Shanu shida ne yau a kwata, hannu bai isa ba. In ka ji za ka iya biyu, to. In ka gaji ka dawo gida." Duk maganar da na tanada ta tashi a banza.

Maigidana ya fito yana ɗaura kube a ƙugu. Ya bi bayan yayansa, suka ratsa ta tsakanin rumfuna, yayyafi yana sauka. Na tsaya ina kallon bayansa har ya sha kwana. Motar ta tafi arewa da buhunan garin rogo da manja.

Bai warke ba, kada wani ya ce na ce ya warke. Har ƙarshen ransa yana kan magani, mun daɗe muna hawa jirgin Inugu, daga baya aka riƙa yi masa allurar a Fatakwal. Akwai watannin da ba ya iya fita, sai ya zauna ya yi washi, akwai kwanakin da washin ma sai a ajiye. Amma kwata ta san da shi shekara goma sha tara, ya koya wa 'ya'yan mutane fiɗa, ya aurar da 'yarmu da guminsa. Sista ban sake ganinta ba bayan ta yi ritaya, ko sunan garinsu ban tambaya ba, abin yana ci mini rai har yau.

Yanzu ina Kano a gidan 'yata, ɗaki mai fanka, ba abin da na rasa. Amma in hadari ya haɗu sai hancina ya nemi warin Mile One, hayaƙin babbaka da danshin kwano da manja. Ranar nan ta farko da ya koma kwata nake yawan tunawa. Ya dawo da azahar, rigarsa tana warin tumbi, ni kuwa zumuɗi ya hana ni ɗora tukunya, ina ta zagaya tsakar gida ina ba matan gida labarin da suka riga suka sani. Ya zauna a bakin ƙofa ya cire takalmi, ya dubi murhu ba wuta, ya ɗaure fuska ya ce, "Mutum ya wuni yana aiki, ya dawo ba abinci?" A iya zamanmu faɗan da ya taɓa yi mini ke nan. Ni da ba a gaya mini ɗaya ban mayar da goma ba, na ce, "Yi haƙuri, Maigida, yanzu za a kawo." Na shiga madafa na hura wuta ina kuka. Yau shekara talatin da wani abu da rasuwarsa, kowa a gidan nan lallaɓa ni yake yi, ba mai ce mini na makara da abinci.